Haɗa Kwamfutar Gida da Intanet ta Hanyar Adaftar Wi-Fi

Dubeli ɗaya ce daga cikin unguwannin Jimeta, a ƙaramar hukumar Yola ta Arewa ta jihar Adamawa. A gidaje da dama na wannan unguwa, da na sauran unguwannin garin irin su Luggere da Rumde da Jambutu, akan tarar da kwamfutar tebur, wato wadda akwatinta daban, allonta daban. Wasu iyaye sun saye ta ne ta hannu a kasuwa, wasu kuma sun karɓe ta daga shagon buga takardu da ya daina amfani da ita. Sau da yawa irin wannan kwamfuta tana aiki lafiya lau, sai dai ba ta kama intanet, domin ba a ƙera ta da na'urar Wi-Fi a cikinta ba.

Wannan matsala ta shafi ɗalibai kai tsaye. Tun daga shekarar 2015, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta zama a kan kwamfuta kaɗai. Ɗalibin da bai saba da linzamin kwamfuta da madannai ba zai ɓata lokaci a ɗakin jarrabawa yana lalube, ko da kuwa ya san amsa. Haka kuma ta intanet ake duba sakamakon jarrabawar WAEC da ta NECO, ta nan ake cike takardun neman gurbin karatu a makarantu irin su Jami'ar Modibbo Adama. Saboda haka kwamfutar da ke ajiye a kusurwar ɗaki tana da amfani babba, in har za ta kama intanet. Mutane da yawa suna zaton sai an sayi sabuwa. Alhali wata 'yar ƙaramar na'ura, wadda ba ta fi ɗan yatsa girma ba, tana iya biyan buƙata. Sunanta adaftar Wi-Fi.

Mece ce adaftar Wi-Fi?

Adaftar Wi-Fi ƙaramar rediyo ce mai karɓar saƙo kuma mai aikawa. A cikinta akwai abubuwa biyu muhimmai: eriya, da wani ɗan guntun lantarki mai sarrafa saƙo. Idan kwamfuta tana son aika bayani, adafta za ta mayar da bayanin zuwa igiyar rediyo ta watsa shi cikin iska. Idan kuma amsa ta dawo, sai ta karɓi igiyar ta mayar da ita bayanin da kwamfuta take ganewa.

Ana soka adafta ne a kafar USB. Wannan ita ce 'yar kafar nan mai kusurwa huɗu da ake jona linzami ko kebul ɗin cajin waya. An fara fitar da tsarin USB a shekarar 1996, domin a sami kafa iri ɗaya da na'urori daban-daban za su iya shiga. Kafar tana yin aiki biyu a lokaci guda: tana ɗaukar bayani, kuma tana ba da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 5. Wannan ne ya sa adafta ba ta buƙatar batir ko caji. Da an soka ta, kwamfuta ce take ciyar da ita.

Akwai abu ɗaya da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe tun daga farko. Adafta ba ta ƙunshe da intanet a cikinta. Matsayinta kamar na guga ne a bakin rijiya. Komai kyan guga, in rijiya ta ƙafe ba zai ɗebo ruwa ba. Dole ne a sami wata na'ura a gida wadda take da intanet kuma take watsa shi, sannan adafta ta ɗebo wa kwamfuta.

Na'urori uku masu kama da juna

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A shagunan kayan waya akwai na'urori uku da suke kama da juna a ido, kuma duka a kafar USB ake soka su, amma aikinsu ya bambanta.

Na farko shi ne filashi. Aikinsa ajiye bayanai kawai, kamar hotuna da takardu. Ba shi da wata alaƙa da kama intanet.

Na biyu shi ne modem. Yana da wurin saka layin waya a cikinsa. Shi da kansa yake magana da ƙarfen sabis na kamfanin sadarwa, don haka sai an saya masa data a layinsa.

Ta uku ita ce adaftar Wi-Fi. Ba ta ɗaukar layi, kuma ba ta jin ƙarfen sabis ko kaɗan. Abin da take ji shi ne Wi-Fi da wata na'ura take watsawa a kusa. Wannan na'ura tana iya zama rauta, wato akwatin da ake ajiyewa a gida ko ofis don raba intanet. Tana iya zama 'yar ƙaramar rauta mai batir da ake kira MiFi. Tana kuma iya zama wayar hannu da aka kunna mata hosfot, wato aka sa ta raba datarta ga wasu na'urori. A yawancin gidaje wannan hanya ta ƙarshe ta fi sauƙi, domin wayar tana nan, layin ma yana nan.

Hanyar da saƙo yake bi

Mu ɗauka wata ɗaliba a Dubeli ta zauna gaban kwamfuta tana son buɗe shafin da ke ajiye a wata ƙasa mai nisa. Da ta danna madanni, saƙonta zai bi matakai kamar haka. Daga kwamfuta zai shiga adafta ta kafar USB. Daga adafta zai bi iska zuwa wayar yayanta da ke watsa hosfot. Daga wayar zai sake bin iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan zai bi hanyoyin kamfanin sadarwa, waɗanda suka haɗa da wayoyin gilashi da aka binne a ƙarƙashin ƙasa, har ya kai Legas. A Legas ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, suke haɗa Najeriya da Turai. Amsa kuma za ta biyo hanya ta dawo. Duk wannan tafiya takan kammala kafin ƙiftawar ido.

Amfanin sanin wannan hanya shi ne gane inda matsala take idan ta taso. A ranar 14 ga Maris, 2024, wasu wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe, har harkokin banki suka samu cikas. A wannan rana, wanda ya zargi adaftarsa ya tafi sayen sabuwa ya yi asarar kuɗinsa ne kawai, domin laifin yana can cikin teku. Adafta mataki ɗaya ce tak a cikin doguwar hanya, kuma tazarar da take kula da ita ba ta wuce daga ɗaki zuwa tsakar gida ba.

Igiyar rediyo da zangonta

Wi-Fi yana amfani da igiyar rediyo ne, irin wadda take kawo mana shirye-shiryen gidajen rediyo kamar Gotel da Fombina a Yola. Wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ne ya tabbatar da samuwar wannan igiya a 1887, shi ya sa ake auna saurin kaɗawarta da ma'aunin da ake kira haz. Tashoshin FM suna watsa shirye-shiryensu tsakanin megahaz 88 da 108. Wi-Fi kuwa ya fi amfani da zango biyu da suke sama da haka nesa ba kusa ba: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Gigahaz ɗaya daidai yake da megahaz 1,000.

Kowane zango yana da amfaninsa da rauninsa. Zangon 2.4 ya fi tafiya nesa, kuma ya fi ratsa bango. Amma yana da cunkoso, domin na'urorin Bluetooth da rautocin maƙwabta da yawa a kansa suke aiki. A unguwar da gidaje suke manne da juna, wannan cunkoso yakan rage sauri. Zangon 5 ya fi sauri kuma ba shi da cunkoso sosai, amma bango yana raunana shi da wuri.

Shi ma tsarin Wi-Fi ya yi ta samun ci gaba. Tsarin farko, wanda aka fitar a 1997 da lamba 802.11, saurinsa bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. Na 1999 ya kai megabit 11, na 2003 ya kai 54. A 2009 aka tabbatar da 802.11n, wanda yanzu ake kira Wi-Fi 4, sannan 802.11ac, wato Wi-Fi 5, ya biyo baya a 2013. Waɗannan lambobi ne ake gani a jikin kwalin adafta. Yawancin adaftoci masu araha na Wi-Fi 4 ne, kuma zangon 2.4 kaɗai suke ji.

A shagon mai sayarwa

Matambayi ba ya ɓata. Ga misalin yadda ciniki zai iya kasancewa idan ɗalibar nan ta je kasuwar Jimeta tare da yayanta, wanda take kira Hamma kamar yadda aka saba a Adamawa.

"Salamu alaikum, Malam. Sannu da aiki."

"Amin alaikumus salam. Sannunku da zuwa. Me za a ba ku?"

"Muna neman abin da zai sa kwamfutar tebur ta kama intanet."

"To, iri biyu ne. Mai ɗaukar layi kuke so, ko mai kama Wi-Fi?"

Ɗalibar ta dubi yayanta ta ce, "Hamma, ai da hosfot ɗin wayarka za mu yi amfani, ko?"

"Haka ne. Malam, mai kama Wi-Fi za ka ba mu."

"Madalla. Ƙanwata, wane Windows ne a kan kwamfutar taku? Kuma yaya nisanta da inda ake ajiye wayar?"

"Windows 10 ne. Kwamfutar tana ɗakin Baba, wayar kuma yawanci tana falo."

"To, ku ɗauki mai eriya. Bari in gwada muku ita kafin ku biya."

Wannan hira ta nuna abubuwa huɗu da mai saye zai lura da su. Na ɗaya, ya tabbatar adaftar Wi-Fi ce aka ba shi. Na biyu, ya duba kwali ya ga ko tana aiki da irin Windows ɗin da ke kan kwamfutarsa. Na uku, ya yi la'akari da nisa: 'yar mitsitsiyar adafta marar eriya a waje ta isa idan rauta tana ɗaki ɗaya da kwamfuta, amma idan akwai bango a tsakani, mai doguwar eriya ta fi. Na huɗu, ya roƙi a gwada ta a gabansa, kuma ya karɓi rasit.

Matakan haɗawa

Kafin a fara, sai an san wata kalma: direba. A nan ba matuƙin mota ake nufi ba. Direba 'yar ƙaramar manhaja ce da take aikin tafinta tsakanin kwamfuta da sabuwar na'ura. In babu shi, kwamfuta za ta ga an soka mata wani abu amma ba za ta san yadda za ta yi magana da shi ba. Ga matakan:

1. A kunna kwamfuta, a jira ta gama buɗewa.

2. A soka adafta a kafar USB a hankali. In ta ƙi shiga, a juya ta. Kada a tura da ƙarfi.

3. A jira minti ɗaya ko biyu. Windows 10 da 11 sukan gane adaftoci da yawa da kansu. Tsofaffi kamar Windows 7 sukan buƙaci a saka musu direba daga faifan da ya zo cikin kwali.

4. A kunna rauta, ko a kunna data da hosfot a waya.

5. A danna alamar sadarwa da ke ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo. Jerin sunayen Wi-Fi da ke kusa zai bayyana.

6. A zaɓi sunan na gida, a rubuta kalmar sirri. A lura da manya da ƙananan haruffa, domin kwamfuta tana bambanta su.

7. A buɗe wani shafi don a tabbatar komai ya yi daidai.

Wani lokaci faifan direba ya ɓata, ko kuma kwamfutar ba ta da wurin saka faifai. Sai mutum ya ga yana buƙatar intanet don ya sauke direba, kuma yana buƙatar direba don ya sami intanet. Mafita ita ce a jona waya da kwamfuta ta kebul ɗin caji, a kunna raba intanet ta USB a cikin saitin wayar, sannan a sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera adaftar. Kada a sauke shi daga shafin da ba a sani ba, domin ta irin wannan hanya miyagun manhajoji suke shiga kwamfuta.

Wannan dabara ta kebul ta nuna wani abu kuma: wanda zai iya ajiye wayarsa kusa da kwamfuta a kullum yana iya shiga intanet ba tare da adafta ba. Amfanin adafta shi ne ta bar waya ta yi yawo cikin gida, kuma ta ba kwamfuta damar kama rauta.

Wurin ajiyewa

Igiyar Wi-Fi tana raunana yayin da take nisa, kuma wasu abubuwa suna tare ta. Ƙarfe ne babban abokin gabarta. Ƙofar ƙarfe, da kwanon rufi, da firiji, duk suna mayar da igiyar baya. Ruwa kuma yana shanye ta, saboda haka tankin ruwa ko randa a tsakanin rauta da kwamfuta yana rage ƙarfin sabis. Bangon siminti da katangar ƙasa mai kauri su ma suna rage shi, kuma kowane ƙarin bango ƙarin rauni ne.

Akwatin kwamfutar tebur shi kansa da ƙarfe aka yi shi. Idan aka soka adafta a bayansa, aka tura shi ƙarƙashin tebur ya jingina da bango, to an ɓoye eriyar a wuri mafi muni. Gara a yi amfani da kafar gaba. Abin da ya fi ma shi ne a sayi kebul ɗin ƙari na USB, a ɗaga adaftar a ɗora ta a kan tebur ko a rataye ta a sama. Kada tsawon kebul ɗin ya wuce mita 5, domin wannan ne iyakar da aka tsara wa USB 2.0. Ɗan nesanta adafta da akwati yana da wani amfanin: na'urorin da ke aiki a kafar USB 3.0, wadda galibi ake yi wa launin shuɗi, sukan haifar da hayaniyar lantarki da ke damun zangon 2.4.

Ita ma wayar da ke watsa hosfot tana buƙatar wuri mai kyau. A ajiye ta inda take samun sabis sosai, kamar kusa da taga, kuma a sama. Sai dai a kiyaye ta daga rana. A Yola zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma hosfot yana ƙara wa waya zafi tare da shan batir. Da hunturu kuma ƙura takan cika kafofin kwamfuta, don haka yana da kyau a riƙa rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta.

Sauri da lissafin data

A jikin kwali akan rubuta lamba kamar 150 ko 300 ko 600. Wannan shi ne mafi girman saurin da adaftar za ta iya kaiwa tsakaninta da rauta, a ma'aunin megabit a daƙiƙa, idan babu bango kuma babu cunkoso. A aikace saurin yakan yi ƙasa da haka sosai. Bugu da ƙari, wannan lamba ba ta nuna saurin intanet. Idan layin waya megabit 8 yake bayarwa a daƙiƙa, to adafta mai 600 ma megabit 8 za ta kawo. Babban guga ba ya ƙara wa rijiya ruwa.

A nan akwai ɗan lissafi mai amfani. Ana auna sauri da bit, ana auna girman fayil da bayit, kuma bit 8 ne suke yin bayit 1. Saboda haka saurin megabit 8 a daƙiƙa yana nufin megabayit 1 a daƙiƙa. Fayil mai girman megabayit 100 zai ɗauki kimanin daƙiƙa 100 kafin ya sauka, wato minti ɗaya da daƙiƙa 40.

Kwamfuta ta fi waya shan data. Da zarar ta ga Wi-Fi, sai ta ɗauka intanet ɗin ba shi da iyaka, ta fara sauke sababbin gyare-gyaren Windows a ɓoye. Ta haka datar da aka saya don wata guda take iya ƙarewa a dare ɗaya. Maganin wannan yana cikin saitin Wi-Fi na Windows 10 da 11, inda akwai zaɓin da aka rubuta wa Metered connection. Kunna shi yana sanar da kwamfuta cewa datar a kan awo take, sai ta rage sauke abubuwa da kanta. Amma kada a hana ta gyare-gyaren har abada, domin su ne suke toshe kafofin da ɓarayin intanet suke bi. A zaɓi lokacin da ake da isasshiyar data a bar ta ta yi.

Tsaron Wi-Fi na gida

Igiyar rediyo ba ta san iyakar gida ba. Tana tsallake katanga ta shiga maƙwabta, ta fita har bakin titi. Wi-Fi marar kalmar sirri kamar gida ne da aka bar ƙofarsa a buɗe. Duk mai wucewa zai iya shiga ya sha data. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, layin waya a Najeriya yana da rajista da sunan mai shi, kuma tun daga ƙarshen 2020 hukuma ta umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Idan baƙo ya aikata zamba ta hanyar hosfot ɗin wani, sawun farko da za a bi zai kai ga mai layin ne.

Akwai tsare-tsaren kulle Wi-Fi iri-iri. Mafi tsufa shi ne WEP, wanda masana suka gano rauninsa tun 2001, don haka bai kamata a yi amfani da shi ba. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. A zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Kalmar sirri ba ta kasa haruffa 8, amma doguwa ta fi. Kada a yi amfani da lambar waya, ko sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, domin maƙwabci zai iya cankarsu. Idan sabuwar rauta ce, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita.

Haka nan bai halatta ɗalibi ya shiga Wi-Fi na wani ba da izini ba. Datar da ke ciki da kuɗi aka saye ta, kuma dokar laifuffukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kutsawa cikin na'urorin mutane. Wanda yake da buƙata ya yi sallama ya roƙa.

Idan ta ƙi aiki

Mai gyara nagari yakan bi hanyar saƙo mataki-mataki, daga kusa zuwa nesa. Idan alamar Wi-Fi ba ta fito a allo ba sam, matsalar tana tsakanin kwamfuta da adafta: a sauya kafa, ko a sake saka direba. Idan sunayen maƙwabta sun fito amma na gida bai fito ba, a duba ko hosfot a kunne yake. Mai yiwuwa kuma wayar tana watsawa a zangon 5 ne alhali adaftar 2.4 kaɗai take ji, sai a sauya zangon a saitin wayar. Idan sunan ya fito amma ya ƙi haɗuwa, a sake rubuta kalmar sirri a natse. Idan kuwa ya haɗu amma shafi ya ƙi buɗewa, to adafta ta gama nata aikin. A duba ko data ta ƙare, ko sabis ne ya ɗauke. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a gwada buɗe shafin a kan wayar kanta. In ita ma ta kasa, matsalar tana wajen gida, sai haƙuri.

Gidan da ya fahimci waɗannan abubuwa zai iya mayar da tsohuwar kwamfutarsa wurin karatu da kuɗi kaɗan. Ɗalibi zai saba da linzami da madannai tun kafin ranar jarrabawa, zai kuma san abin da zai duba da kansa kafin ya ɗauki kwamfuta zuwa wurin mai gyara.

Ma'anar wasu kalmomi

kafa: ƙaramin rami ko hanyar shiga. A bambanta ta da ƙafa, wadda ake tafiya da ita.

guga: abin da ake ɗaura wa igiya a ɗebo ruwa daga rijiya.

ƙafe: bushewar ruwa a rijiya ko kogi.

tafinta: mai fassara magana tsakanin mutane biyu da ba sa jin harshen juna.

cunkoso: taruwar abubuwa da yawa a wuri ɗaya har su matsu.

lalube: neman abu da hannu ba tare da sanin inda yake ba.

canka: faɗin abin da aka ɓoye ta hanyar zato.

kutsawa: shiga wuri da ƙarfi ko ba da izini ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa sanin kwamfuta ya zama dole ga mai shirin rubuta jarrabawar JAMB?

2. Bayyana bambancin filashi da modem da adaftar Wi-Fi.

3. Ta yaya adafta ta yi kama da guga?

4. Kawo matakan da saƙo yake bi daga kwamfuta a Dubeli zuwa wata ƙasa.

5. Ambaci abubuwa uku da suke raunana igiyar Wi-Fi a cikin gida.

6. Idan saurin layi megabit 16 ne a daƙiƙa, daƙiƙa nawa fayil mai megabayit 200 zai ɗauka kafin ya sauka?

7. Yi amfani da karin maganar "kama da wane ba ta wane" a cikin jimla taka.

Aikin yi

Zana taswirar gidanku. Nuna ɗakuna da ƙofofin ƙarfe da wurin ajiye ruwa. Sannan ka rubuta jimloli biyar da Hausa kana bayyana inda ya fi dacewa a ajiye rauta, da dalilinka.